Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Inna ba ta kiran yayana da sunansa. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidaje irin namu na Malanville uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Matan yanzu sun fara sassautawa, amma Inna mutuniyar dā ce, ta riƙe abin da hannu biyu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Madécali, bai dawo hannunta ba sai da ya isa shiga lakwal, makarantar boko ke nan. In tana son sa sai ta ce "kai". In da mu take maganarsa sai ta ce "wanku". Da ya girma ya sayi babur ya fara kabu-kabu sai ta samu sauƙi, ya zama "mai babur". Akwai wani dattijo da ke sayen bandar kifi a wurinta, sunansu ɗaya da Yaya. Shekara da shekaru suna ciniki, "malam mai hula" take ce masa, alhali rabin mazan kasuwa da hula suke yawo.

Ni ce autarta. Uwarmu ɗaya da Yaya, uba kowa da nasa, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Tun ina ƙarama Allah ya hore mini baki, ba na ganin abu in yi shiru. In Yaya ya ajiye mata buhun shinkafa a zaure ya wuce, sai in tsaya a kanta in ce, "Inna, wa ya kawo wanga buhu?" Ta ce wanku. In ce wane daga ciki, ai 'yan uwa da yawa gare ni. Sai ta jawo icen banda ta biyo ni, ina gudu ina dariya. Amma duk wanda ke gidan ya san inda kan giwan ruwa ke zuwa in an samu babba. Takan ware shi gefe, ta ɓata fuska ta ce ba zai sayu ba, a kai wa mai babur kada ya lalace.

An ɗauke shi ran wata kasuwa da hantsi, ƙarshen damina, a mahaɗar hanyar Guéné inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Mai shayin wurin ne ya gani. Ya ce wata mota ce marar rubutu ta tsaya, wasu da kaki wasu da kayan gida, suka tambaye shi wani abu, suka ɗora shi a baya har da babur ɗin. Lokacin mutanen daji, masu ɗauke da bindigogi, sun fara ta'asa a wajen gandun daji na yamma da mu, an kashe mutane, sojoji sun cika hanya, gadar kogi ta zuwa Gaya kuma a rufe. Duk mai kai burodi ko esansi, wato fetur, ko fasinja ƙauyukan can, kallo biyu ake yi masa. Yaya kuwa duk wanda ya hau ya faɗi inda za shi, kai shi yake yi. Ba zan rantse a kan wanda ya ɗauka ko abin da ya ɗauka ba, domin ban sani ba. Ni ma ina jin tsoron mutanen daji kamar kowa, na kuma yi kukan waɗanda suka kashe. Abin da na nema tun ranar farko bai wuce a ce mana ga inda yake, ga abin da ake zargin sa da shi, a tsai da shi gaban alƙali ya buɗe baki ya yi magana.

Da labarin ya iso gida Inna na juya kifi a kan wayar banda. Na faɗa mata ina kuka ina haɗiye rabin maganar. Ba ta ɗago ba. Ta gama juya layin da ta fara, sannan ta ce, "Allah shi kyauta." Matan gidan suka yi ta salati, matarsa ta zube ƙasa, ita kuwa ta ci gaba da aikinta. Sai da la'asar na lura kifin ranar duka ya ƙone, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Na fara zarya. Duk inda na ga mai kaki a bakin ƙofa na shiga. Mu har yau jandarma muke ce musu duka, ko da an sake musu suna da tufafi. Ina da Faransancin lakwal, na ɗauka zai yi mini rana. Ko'ina amsa ɗaya ce, ana anket, wato bincike, ba a magana a kan anket. A wani buro, wato ofis, aka dubi katin shaidata aka ce sunan mahaifina ba ɗaya ba ne da na wanda nake nema, mene ne shaidar ni 'yar uwarsa ce? Uba ko uwa ko mata kaɗai za a saurara. Matarsa 'yar Gaya ce, takardunta na ƙetaren kogi ne, kowa ya ce ta rufa wa kanta asiri kada ita ma a riƙe ta. Ba a jima ba iyayenta suka aiko aka haye da ita a kwale-kwale. Saura Inna.

Ta yarda ta bi ni ba gardama, ta sa zanenta na zuwa suna. Wanda muka tarar saurayi ne daga kudu, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi, kuma ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ya ba Inna kujera. Ya ce in gaya mata ta faɗi sunan ɗanta. Na yi maza na faɗa. Ya ɗaga mini hannu ya ce ba ni ya tambaya ba.

"Inna, ya ce ki hwaɗi sunan wanmu."

"Ke hwaɗa mishi."

"Na hwaɗi. Daga bakinki shika son ji."

"Ba ga ki ba? Ni da ke ba baki guda na ba?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa ƙasa ido. Mutumin ya jira. Na shiga yi masa bayani cewa al'adarmu ce, ɗan fari ne, kunya ce. Ina cikin magana na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce shi bai taɓa ganin uwar da za a kama ɗanta ta kasa faɗin sunansa ba. Ko dai ba ita ta haife shi ba an ɗauko ta haya, ko kuma yana da wani sunan da muke ɓoyewa, irin wanda mutanen daji ke laƙaba wa junansu. Ya ce mu tashi tun yana ganin girman furfurarta.

A hanya na sauke mata kwandon masifa, ban damu da masu wucewa ba.

"Ɗanki na hannun mutane, ke kina kunya? Kunyar wa, Inna? Wanga mutum bai san mu ba, ya ɗauka ƙarya mu ka yi!"

Sai da muka zo kusa da gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun ran da anka raɗa shi bai hita bakina ba. Kina zaton awa buɗe ƙohwa na? Na buɗa baki, shi ya ƙi hitowa."

Na yi fushi da ita kwana da kwanaki. Ina kai mata abinci in ajiye in fita.

Abin da ban zata ba shi ne yadda gari duka ya koyi kunyar Inna. Abokan kabu-kabunsa da suke cin tuwo a zaurenmu, in na ambaci sunansa a tasha sai kowa ya shiga duba tayar babur ɗinsa. Mai shayin da ya ba ni labari ya ce shi fa bai ga komai ba, ranar ma bai fito ba. Maƙwabta suka koma cewa "wanda abin nan ya samu". A masallacin unguwa an yi addu'a ga marasa lafiya da matafiya, ba wanda ya ce a sa da shi. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa na da 'ya'ya, kuma ba wanda ya san abin da ke sa a zo a ɗauki mutum. Amma abin ya ci mini rai. Mutum mai surutu da dariya, wanda ya kai matan unguwar nan asibiti a bayan babur ba dare ba rana, ya zama kamar ba a taɓa haihuwar sa ba. Ni kaɗai na rage ina faɗin sunansa, har na fara jin nauyinsa a bakina ni ma.

Sanyi ya shigo ya wuce. Inna ta rame, ta ce ciwon ƙafa ne. Kullum tuwon da take tuƙawa ya fi na mutanen gidan, ta ce saboda baƙi. In na dawo daga kasuwa takan tambaye ni ko motocin kudu sun iso, ko direbobi sun zo da wani labari na hanya, kamar mai jiran kaya.

Wata aboka, lauya ke nan, da aka haɗa ni da ita a Kandi, ita ta fara yi mini magana kamar mutum. Ta ce doka ba ta yarda a riƙe mutum haka ba iyaka, akwai ranar da dole a kai shi gaban alƙali, yana da haƙƙin ganin aboka, danginsa na da haƙƙin sanin inda yake. Na ce to ga shi an yi. Ta yi ajiyar zuciya ta ce masu irin wannan zargi kudu ake kai su, ita kuma ba ta iya neman ganin mutumin da ba a yarda ana riƙe da shi ba. Ta kwatanta mini gidajen kaso biyu a can kusa da teku. Ta ce uwar ta je da kanta ta tsaya a taga ta tambaya, wani lokacin ana dacewa.

Na dawo na faɗa wa Inna, ina jiran ta ce Allah shi kyauta. Sai ta ce, "Yaushe mota ka tashi?"

Inna ba ta taɓa wuce Kandi ba. Mun wuni cur a mota. Tana zaune jikin taga da ƙullin bandar kifi a cinya, wanda ta ce na ci a hanya ne amma ba ta bari an taɓa ba. Ƙasa ta yi ta sauya kama, itatuwa suka yi duhu, iska ta yi nauyi. Wajen Parakou na ga leɓɓanta na motsi, na ɗauka tasbihi take. Da na kasa kunne sai na gane ba shi ba ne. Gwaji take yi, tana kai wa harafin farko ta tsaya.

Washegari da safe muka isa ƙofar gidan kason farko. Layin mata ne dogo a jikin katanga, yawancinsu daga arewa, Fulani da Dendawa da Bargawa da namu, kowa da ƙullinta. Ba mai tambayar wata abin da ya kawo ta. Rana ta take kafin mu kai tagar, wata 'yar taga mai waya, mutum na zaune ciki gaban na'ura. Ya tambayi wa muke nema, wace ce mai nema. Na ce uwarsa ce. Ya ce ta faɗi suna.

Ban dube ta ba, na ji tsoron in na dube ta za ta fasa. Na ji ta ja numfashi. Sai ta faɗa, can ƙasa-ƙasa. Mutumin ya ce bai ji ba. Ta sake. Bayanmu ana hayaniya, ya buga wayar tagar da alƙalami ya ce ta ɗaga murya, shi ba ya da lokaci. Sai Inna ta dafa katanga ta faɗe shi da ƙarfi, har matan da ke bayanmu suka yi tsit.

Ba yadda muke faɗin sa ta faɗa ba. Mu duka gajarta shi muke yi, shi ma haka yake gabatar da kansa. Ita cikakkensa ta faɗa, tana ba kowane harafi haƙƙinsa, yadda liman ya faɗa ranar suna. Ashe haka yake ajiye a wurinta. Na tsaya a wurin ina kuka kamar yarinya, ita kuwa idonta a bushe, gumi kawai ke bin wuyanta.

Mutumin ya danna na'urarsa, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce ba zai iya ce mana yana nan ba, ba zai iya ce mana ba ya nan ba. Magana ce ta anket. Ya ce mai bi mana ta matso.

"Mi ya ce?" in ji Inna.

Na fassara mata.

"Amma ya ji sunan?"

"Ya ji, Inna."

"To shi je shi kira shi mana."

Wata Bafulatana da ke bayanmu ta kama hannunta ta ja ta gefe a hankali, domin layi ya motsa. A gida na biyu ma haka aka yi, sai dai can Inna ba ta jira an ce ta ɗaga murya ba. Kifin ba su karɓa ba, sun ce ba a karɓar abinci ga wanda ba a tabbatar yana ciki ba. Ta raba wa matan layi muka kamo hanya.

Tun daga wannan tafiya Inna ta zama wata. Bakin da ya ƙi buɗuwa ya ƙi rufuwa. Ran kasuwa sai ta bar mini kifi ta tafi tashar manyan motoci, ta bi direbobin kamiyo masu zuwa kudu ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa musu sunan, ta ce in sun ji an ambata a hanya ɗanta ne. Ta faɗa wa masu kwale-kwale, ta faɗa wa 'yan duwan, wato kwastan. Ta tsaya a tashar kabu-kabu ta kira shi a gaban abokansa, suka sunkuyar da kai. Tsofaffin unguwa sa'o'inta suka fara cewa Inna ta taɓu. Wata ta same ni har gida ta ce in riƙa tsare ta, abin ba kyan ji. Na ce mata in ba kyan ji ta toshe kunnenta. Amma gaskiya ni ma ba na iya jurewa. Na shekara nawa ina tsokanar ta ta faɗa, yanzu in na ji ta fara sai in tashi in shiga ɗaki.

Wata damina ta sake zuwa ta wuce. Ran nan bayan la'asar wani mutum ya yi sallama a zaure ya ce kifi yake so. Dogo ne ramamme, makiyayi daga wajen Madécali, yana magana yana waiwayen ƙofa. Da Inna ta fito da tire sai ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce ba kifi ya kawo shi ba. A tasha ya ji ana cewa akwai tsohuwar da ke yawo da wani suna, shi kuwa ya san mai sunan. Sun zauna ɗaki ɗaya.

Na kawo masa ruwa. Ya ce shi ma daga bayan shanunsa aka ɗauke shi, aka kuma sake shi ba a ce masa ga dalili ba. Bai san sunan garin da aka ajiye su ba, a rufaffiyar mota aka kai su. Abin da ya sani kawai, ruwa na sauka can a lokacin da mu nan ake rani. Ya ce Yaya na da rai ranar da ya gan shi na ƙarshe, yana tari amma yana tsaye da ƙafarsa, kuma har lokacin ba a kai shi gaban alƙali ba. Wata safiya aka kira wasu aka fita da su, yana ciki, ba a dawo da su ɗakin ba. Wannan kafin azumin da ya wuce ne.

Inna ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa. Mutumin ya ga ta saki fuska, sai ya so ya ƙara mata da abin daɗi. Ya ce Yaya ne mai ba su dariya a ɗakin. Wani yini suna hirar wa ke neman wa a waje, kowa na faɗin nasa, wannan ya ce tsohonsa zai sai da shanu, wancan ya ce matarsa ba za ta zauna ba.

"Shi ko ya yi dariya ya ce, ni ɗan hwari na. Ƙanwata na can tana zuba musu baki har su gaji da ita. Amma tsohuwa, ko wuƙa anka sa mata ba ta hwaɗin sunana, balle ta taho ƙohwar kaso. Ba da hushi ya hwaɗi ba, Inna. Yabon ki shi kai."

Ya yi murmushi yana jiran mu yi. Ba wanda ya yi. Inna ta ajiye tiren a ƙasa a hankali.

"Yaushe ya hwaɗi haka?"

"Ana gab da hita da su."

Na lissafa a raina, na san ita ma ta lissafa. Lokacin mun riga mun je mun dawo. Wataƙila ma yana bayan ɗaya daga cikin katangun nan ranar da ta dafa ta kira shi, ba wanda ya shiga ya ce masa tsohuwarka na waje.

"Bai san na zo ba," in ji ta. Ba da mu take ba.

Sannan ta matsa kusa da baƙon, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Ɗana, in sunka sake ɗaukar ka, ka hwaɗa mishi na zo. Ka ce har ƙohwa na zo, kuma na hwaɗi."

"Inna!" na ce. "Wace irin magana ta wagga? Mutum ya samu ya kuɓuta!"

Ko kallo na ba ta yi ba. Ruwan da ke hannun mutumin ya zube masa a riga. Na ga tsoro ya bi fuskarsa, na zaci tashi zai yi ya fita. Ya dube ta, ya daɗe yana duban ta, sannan ya ajiye kofin.

"To, Inna. In sunka sake ɗauka ta, ina hwaɗa mishi."

Ta naɗe masa kifi a takarda, ya ƙi karɓa, ta tura masa a aljihu. Ta raka shi har bakin titi, abin da ba ta yi wa baƙo namiji, tana tafe tana maimaita masa sunan, cikakkensa, don kada ya je can ya faɗi rabi.